Ɗana, Nama Mai Kauri Ba Ya Son Gaggawa



Na ji labarin na'urar da ka sayo. An ce wani dogon ƙarfe ne mai aiki da lantarki, ana tsoma shi cikin ruwa ya ɗumama shi, ya kuma riƙe zafin wuri guda. An ce kana so ka dafa babban yankan haƙarƙarin sa da ƙashinsa a cikin leda, sannan ka ƙarasa shi a kan gawayi. Gwaggonka da ta ji sai ta yi dariya, ta ce yanzu kuma nama ake yi wa wankan jego. Bar ta ta yi dariyarta. Ni ban ga laifin abin ba. Ɗan gidan fawa ya so ya gyara nama, ai abin farin ciki ne. Zauna dai ka ji, in rage maka nisan hanya.

Nama mai kauri aiki biyu yake buƙata. Cikinsa yana son zafi kaɗan na dogon lokaci. Bayansa yana son wuta mai ƙarfi ta ɗan lokaci. Wanda ya ɗora yanka mai kaurin yatsu uku a kan garwashi kai tsaye, ya nemi wuta ɗaya ta yi masa aikin biyu. Ba za ta iya ba. Kafin zafi ya isa tsakiya, baya ya ƙone. In ya ji tsoron ƙuna ya sauke da wuri, sai a tarar da gefen ƙashi ɗanye. Duk abin da zan faɗa maka daga nan, daga wannan maganar ya fito. Ka raba aikin biyu, ka ba kowanne haƙƙinsa.

Iyayenmu sun san haka tun kafin a kawo lantarki. Dubi mai tsire. Yana kafa tsinkayensa kewaye da tukuba, nesa da harshen wuta, su yi ta dahuwa a hankali. Sai mai saye ya zo, sannan ya matsa da tsinke kusa da garwashi ya ɗan soyu. Dubi mai balangu da ke naɗe nama a takarda ya tura shi gefen wuta, ya turara da ruwan jikinsa. Dubi yadda ake gashin layya a Yamai, a banƙare raguna a jikin sanduna, a jingina su kewaye da babbar wuta, a wuni ana juyawa. Ba wanda yake sauri a wurin.

Abin da Faransawa suka ƙara shi ne awo. A 1974 wani mai girki, Georges Pralus, yana yi wa gidan abincin Troisgros aiki a garin Roanne. Hantar agwagwa mai tsada tana narke musu a kasko, suna asara. Sai ya rufe ta a leda, ya dafa ta cikin ruwan da bai kai tafasa ba, ta fito da nauyinta kusan cikakke. Daga nan wannan dahuwa da suke kira subid ta bazu cikin manyan ɗakunan girki. Sirrinta ɗaya ne. Nama ba zai taɓa wuce zafin ruwan da yake ciki ba. In ruwan yana digiri 60 a ma'aunin Salsiyas, naman zai hau zuwa 60 ya tsaya, daga baki har jikin ƙashi.

To amma ka fara da sanin sanka, kafin ka san na'urarka. Naman da kake gani a waya na wasu shanu ne dabam. A Amurka yawanci ana turke su ana ɗura musu masara, a yanka su tun ba su tsufa ba, a ajiye naman cikin sanyi mako biyu ko uku kafin a sayar. Namu kuwa masu tozo ne, 'yan kiwo. Sun sha tafiya a Burkina Faso da Nijar da arewacin ƙasar nan. An loda su a mota, sun biyo Sinkase da Dapaong da Kara da Sokode, sama da kilomita 600, kafin su sauka a kasuwar shanu ta Adetikope. Namansu ya fi ɗanɗano, wannan ba gardama. Sai dai ya fi tauri, kitsen da ke cikin tsoka kuma kaɗan ne. In ka bi lissafin mai waya ido rufe, za ka zuba wa baƙinka naman da zai gajiyar da muƙamuƙi. Sai ka ce na'ura ce ta yi ƙarya, alhali ba ta yi ba.

Don haka ka je wurin mahauci da kanka. Kada ka aiki yaro. Ka yi sallama, ka gaishe shi, ka tambayi iyali, ka tambayi kasuwa. Ka san cewa sana'ar nan a kan amana ta tsaya a Zongon Lome. Baƙo ya kawo shanu daga arewa, ya sauka wurin maigida. Maigida ya ba shi masauki da abinci, ya nema masa mai saye. Mahauci ya ɗauki sa bashi, maigida ya tsaya masa, sai an sayar da nama a biya. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya zauna cikin unguwarmu, har ya fitar da littafi a 1983 a kan waɗannan masu gida na fataucin shanu da goro. Lokacin da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar Lome a 1977, aka mai da mutane wajen Togblekope, gidaje sun rushe amma wannan amana ta bi mutanenta. Ita za ka je ka ci gajiyarta. Mahaucin da ya san gidanku ba zai ba ka naman tsohuwar saniya da sunan ɗan bijimi ba.

Ka gaya masa tun ana gobe, ka je da sassafe. Zafin Lome da laimarta ba sa raga wa naman da ya wuni a kan tebur. Ka nemi wanda likitan dabbobi ya duba ya buga wa hatimi. Ka ce haƙarƙari kake so, ta wajen gadon baya, ƙashi ɗaya da tsokarsa, kaurin yatsu uku, wajen santimita 5. Ka zaɓi mai ɗigon kitse a cikin jan naman. Sannan ka roƙe shi alfarma ɗaya: ya yanka ƙashin da zarto, kada ya sare shi da gatari. Gatari yana farfasa ƙashi. Ɓarɓashin ya shige nama, ya huda leda, ya je ya sami haƙorin baƙo. In ya nemi ladan wahalarsa, kada ka ja. Araha ba ta ado.

Da ka kawo shi gida, kada ka dafa a ranar. Bayan yanka da 'yan sa'o'i tsoka takan sandare. Wanda ya gasa ta a wannan hali ya gasa ta a lokacin da ta fi tauri. Sa naman a firji, a wurin da ya fi sanyi amma ba ya daskarewa, ƙasa da digiri 4. Bar shi kwana uku ko huɗu. A cikin tsokar akwai sinadaran da ke sassauta ta da kansu, lokaci kawai suke so. In firjinku ba ya riƙe sanyi, ko wuta tana yawan ɗaukewa a makon, to ka tsaya a kwana ɗaya. Ana gobe za ka dafa, da dare, barbaɗa gishiri ko'ina, ka bar shi a buɗe a kan faranti cikin firji. Gishirin zai shiga ciki, bayan naman kuma ya bushe.

Wata 'yar magana da mutane ke rainawa. Kada ka caccake shi da cokali mai yatsu ko bakin wuƙa wai don kayan ƙanshi su shiga. Cikin tsoka mai lafiya a tsabtace yake. Ƙwayoyin cuta a bayanta suke, inda hannu da tebur da ƙuda suka taɓa. In ka soke ta, ka raka su ciki da hannunka. Abin da ya fi, ka tsoma yankan cikin tafasasshen ruwa na rabin minti kafin ka sa shi a leda. Wannan yana kashe na baya, kuma yana hana wani wari mai tsami da kan taso in dahuwa ta yi tsawo.

Leda kuma ba kowace leda ba. Baƙar ledar kasuwa ba ta abinci mai zafi ba ce, ka bar ta. Nemi mai kauri, mai zif, wadda aka yi don ajiye abinci. Naɗe bakin ƙashin da tsabtatacciyar takardar girki, don kada ya huda ta. Ka sa ɗan masoro in kana so. Ɗanyar tafarnuwa kam kada ka sa. A wannan zafi ba ta dahuwa, ɗanɗanonta yakan ɓaci, kuma ba a son ta cikin leda marar iska. Ba sai ka sayi injin zuƙe iska ba. Ka nutsa ledar cikin ruwa a hankali, bakinta a buɗe a sama. Ruwan zai kore iskar, sai ka ja zif. Iskar da ta rage tana sa leda ta taso, wajen da ya taso kuwa ba ya dahuwa.

Yanzu ga maganar zafi. A digiri 55 nama yana fitowa ja sosai, irin wanda Turawa ke so. A 57 ko 58 jan ya ragu. Daga 60 zuwa 63 sai ɗan ja-ja a tsakiya, ga laushi, ga ruwa. Daga 65 zuwa sama zaren nama yana tsukewa ya matse ruwansa, a 70 ya zama fari-fari kamar na miya. Ni shawarata, ka zauna tsakanin 60 da 63. Dalilaina biyu. Na farko, mutanenmu ba sa son nama ja, kuma don mutane kake dafawa. Na biyu, shanun kiwo sukan ɗauki ƙwan tsutsar ciki, ita kuwa ba ta jure digiri 60 in ya ratsa har tsakiya. Ma'aikatar gona ta Amurka ma 63 take ba da shawara ga yankan nama sukutum. In akwai mai juna biyu a gidan, ko tsoho, ko ƙaramin yaro, kada ka sauka ƙasa da haka. Rigakafi ya fi magani.

Za ka gamu da wata tambaya a kan tabarma, gara ka shirya mata. Wani dattijo zai ga ruwa ja-ja a faranti ya janye hannunsa, ya ce jini ne. Kada ka yi masa dariya, tsoron Allah ne ya sa shi. Ka yi masa bayani da ladabi. Jinin da aka hana mu shi ne wanda ya kwarara, shi kuwa ya fita tun a wurin yanka. Abin da yake gani ruwan tsoka ne, da wani sinadari mai suna mayogulobin, wanda ke ajiye wa tsoka iskar numfashi. Shi ne ke sa naman sa ya fi na kaza ja. In duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, ka ɗauki rabonsa ka mai da shi kan wuta har ya gasu yadda yake so. Ba a cin gardama da baƙo a kan abincinsa.

Sai lokaci. Zafi yana shiga nama da tafiyar hawainiya. In ka ninka kauri sau biyu, lokacin yana ninkawa kusan sau huɗu. Yanka mai santimita 5 da ya fito daga firji yana buƙatar wajen sa'a uku da rabi kafin tsakiyarsa ta kama zafin ruwan. Don haka sa'a huɗu ita ce mafi ƙanƙanta. Amma ka tuna sanka ɗan tafiya ne. Farar jijiyar da ke ɗaure tsokarsa ba ta sakewa da wuri. Ita ce mai sa romon ƙafar sa ya yi danƙo bayan doguwar dahuwa. A digiri 60 tana narkewa, amma a hankali ƙwarai. Ba shi sa'a takwas, ko goma, ko goma sha biyu in ka ga naman na babban sa ne. Sa shi bayan sallar asuba, ka fitar bayan la'asar ko dab da magariba. Ka rufe bakin tukunyar don kada ruwa ya ƙafe. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Kai naka ma nama ne.

Ka ga na ce da rana. Kada ka bar shi cikin dare kana barci. Mu nan mun san halin wutar lantarki, tana iya ɗaukewa ba sallama. Ƙasa da digiri 55 ruwan ya daina dafa nama lafiya, in ya ci gaba da hucewa sai ya zama wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta. In wuta ta ɗauke kana kusa, ba abin tashin hankali. Ɗora buta a murhu, ka riƙa ƙara ruwan zafi kaɗan-kaɗan kana awo, ka lulluɓe tukunyar da bargo. Amma in ka dawo ka tarar da ruwan ya huce, ba ka kuma san tun yaushe ba, to ka haƙura da naman. Na san da ciwo. Kuɗi ne, kuma zubar da abinci ba tarbiyyarmu ba ce. Sai dai asarar yanka ɗaya ta fi sauƙi a kan a kwashi gida guda zuwa asibiti. Gashi a kan wuta ba ya gyara naman da ya riga ya lalace.

Ga wani abu da za ka gaya wa abokanka da ba su da na'ura. Babbar kula irin wadda ake sa ƙanƙara a wurin biki tana yin aikin. Yadda take riƙe sanyi haka take riƙe zafi. A cika ta da ruwa mai digiri 63 ko 64, don naman zai sha zafin kaɗan. A rufe, a riƙa dubawa duk rabin sa'a, a ƙara ruwan zafi in ya sauka. Sa'a huɗu ko biyar ba za su gagara ba. Abin da ba a yi sai da shi shi ne ma'aunin zafi na girki. Yatsa ba ya bambance 52 da 60, tsakaninsu kuwa akwai lafiyar mutane.

In ka buɗe ledar, kada gabanka ya faɗi. Naman zai fito toka-toka, ba kyan gani, ba ƙanshi. Ya dahu, amma bai gasu ba. Tsiyaye ruwan ledar a ƙaramar tukunya, kada ka zubar. Ka tafasa shi da albasa da ɗan tattasai, romo ne mai kyau. Shi kuwa naman, goge shi da tsabtataccen ƙyalle har ya bushe sarai. Ga dalili. Ruwa ba ya wuce digiri 100. Launin nan na gashi da ƙanshin da ke tsayar da mai wucewa a gaban mai cincinga, ba sa tasowa da sauri sai bayan nama ya kai wajen digiri 140. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya bayyana yadda abin yake faruwa tun 1912. Jiƙaƙƙen nama a kan wuta turara yake yi, kafin ya bushe cikinsa ya zarce. Bar shi ya sha iska minti goma, ka shafa masa man gyaɗa sama-sama.

Gawayi kuma ka zaɓa. Nemi mai nauyi, mai ƙara in an buga shi da ɗan'uwansa. Na ƙirya da na marke su ne gaba, shi ya sa maƙera ke neman na ƙirya. Kada ka hura shi da leda ko kananzir, warin yana bin nama har baki. Ka hura a tsakar gida, inda iska ke wucewa. Hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba a ji warinsa ba. Tara gawayin gefe ɗaya na kurfoti, ka bar ɗaya gefen ba wuta. Ka yi ta fifita har hayaƙi ya ɗauke, garwashi ya yi ja, farar toka ta hau kansa. Sauke raga kusa da shi, ta yi zafi sosai.

A nan ne haƙuri ya ƙare, sauri ya karɓa. Ɗora naman. Juya shi duk rabin minti. Minti uku ko huɗu gaba ɗaya sun isa. Tsayar da shi a kan gefen kitse na ɗan lokaci, kitsen ya soyu. In mai ya ɗiga wuta ta tashi, ja shi gefen da ba wuta har ta lafa. Kada ka yayyafa ruwa, toka za ta tashi ta zauna a kan nama. Kada kuma a kira ka a waya ka tafi. Aikin wuni guda yana iya lalacewa a minti biyu. Da zarar baya ya yi launin ƙasa mai duhu, sauke. Baƙi ƙirin ɗaci ne kawai.

Yaji a ƙarshe yake zuwa. Ƙuli-ƙulin da ke cikinsa yana ƙonewa da wuri a irin wannan wuta, a cikin leda kuma yana zama taɓo. Barbaɗa shi bayan ka sauke, naman yana da zafi yana naso, sai citta da kanumfari da kimba su buɗe. Ba sai ka jira dogon hutu ba, tunda zafin ciki da na waje ba su da nisa. Zare ƙashin da wuƙa mai kaifi. Dubi inda zaren naman ya nufa, ka yanka a gicciye, siriri-siriri. Ga namanmu wannan rabin laushi ne. Kawo albasa da tumatir, da soyayyar doya irin koliko, ko ablo mai zafi daga wurin maƙwabta, ko wainarmu ta gida. Ƙashin kuwa, ka san akwai yaron da tun ɗazu idonsa ke kansa.

Ƙanshin gashi ba ya tsayawa a katanga. Zai shiga gidan Bakotokolin da ke dama da ku, ya shiga na mutumin Ewe da ke hagu. Yanka ɗaya irin wannan yana ciyar da mutum uku ko huɗu in an yanka shi da kyau. Ka cire ko yanki biyu ne a ƙaramin kwano ka aika. Unguwar nan baƙi ne suka kafa ta, kuma da ciyar da baƙo ta yi suna. Wanda ya iya gashi ya hana maƙwabci, an fi tuna rowarsa a kan gwanintarsa.

Abu na ƙarshe. Kada ranar da surukanka za su zo ta zama ranar gwajinka na farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sayi ƙaramin yanka a ranar da ba kowa, ka gwada. Rubuta zafin da ka sa, da sa'o'in da ya yi, da irin san da aka yanka. In ya yi tauri, ƙara lokaci, kada ka ƙara zafi. In ya yi laushi har ya rasa jiki, rage lokaci. Sannan ka ɗauki yanki ka kai wa mahaucinka ya ɗanɗana. Zai faɗa maka gaskiya, don ya fi na'urarka sanin naman. Gobe in ya sami sa mai kyau, kai zai fara tunawa.

Allah ya sa albarka a hannunka. Ka gaishe da mutanen gida, in ka gwada kuma ka aiko min da labari.